Zama Da Ciwon Hanji: Abin Da Na Ci Da Abin Da Ya Ci Ni

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiyarmu ya gabatar a zamanmu na ƙarshen wata a nan Suleja. Mun buga shi kamar yadda ya faɗe shi, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba.

 

Da sakatare ya ce mini ni zan yi magana yau, na ce masa ai ni ba likita ba ne. Ya ce ya sani, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To shi ke nan, na karɓa. Sai dai ku yi haƙuri da ni, domin maganar da zan yi maganar ciki ce da bayan gida, irin wadda ba a saba yi a gaban surukai ba. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Da yawanku kun san ni da ƙin cin abinci a wajen biki. Wasu sun ce girman kai ne, wasu sun ce tsoron sammu nake yi, wani aminina ma ya taɓa ce mini ko uwargida ce ta kafa mini doka. Yau zan faɗa muku dalili.

Na zo garin nan ne jim kaɗan bayan gwamnati ta taso daga Legas ta koma Abuja a watan Disamba na 1991. Ofishinmu na Abuja, amma kuɗin hayar can ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, sai muka raɓe a Suleja kamar yadda da yawanku kuka yi. Bayan 'yan shekaru na yi wani zawo mai tsanani na kusan mako biyu. Na warke, amma daga nan cikina bai sake komawa yadda yake ba. Yau murɗa, gobe kumburi kamar an hura salka, jibi gudawa sau huɗu kafin hantsi, sa'an nan kuma in yi kwana uku babu komai. Wanda ya san hanyar nan tamu ta Madalla da Zuba da Dei-Dei zuwa Kubwa da sassafe, ya san abin da nake nufi idan na ce ciki ya murɗa maka kana tsakiyar mota, gaba cunkoso baya cunkoso. Wata rana a daidai Zuba sai da na roƙi direba ya sauke ni, na bar jakata a motar, na shiga lungu ina neman gidan da za a taimake ni da makewayi. Ranar ban je aiki ba, kuma ban faɗa wa kowa dalili ba, har mai ɗakina.

Abin da ya biyo baya kun san shi, domin haka muke yi duka. Na je wani kemis aka ce taifot ne, na sha magani. Ya dawo, aka sake cewa taifot. A shekara guda na sha maganin taifot ya fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya. Wani ya ce olsa ce, in riƙa shan madara. Na bi, abin ya ƙaru. Sai wani mai magani a bakin kasuwa ya ce basir ne da dattin ciki, ya ba ni jarka guda ta wankin ciki. Akwai filasko a ciki, ni kuwa da ma mai gudawa ne. Wallahi a daren nan sai da aka kai ni asibiti aka sa mini ruwa.

A nan ne Allah ya haɗa ni da likitan da ya zauna ya saurare ni. Ya sa aka yi gwajin jini da na bayan gida, daga baya aka tura ni aka leƙa hanjin da na'ura mai kyamara. Ba a ga gyambo ba, ba a ga ƙari ba. Ya ce abin da ke damuna shi ne wanda suke taƙaita sunansa da IBS, ni kuwa nake kiransa rikicin hanji. Hanjin lafiyarsa lau idan an duba da ido, amma motsinsa ya rikice, kuma ya cika jin zafin abin da hanjin wani ba zai ma kula da shi ba. Ya ce sau da yawa yakan fara ne bayan mutum ya yi zawo mai tsanani, kamar yadda nawa ya fara. Ƙa'idar da likitoci suka daidaita a kai a 2016 ita ce ciwon ciki aƙalla rana ɗaya a mako cikin wata uku na baya, wanda ke da alaƙa da aƙalla biyu daga cikin fita bayan gida da sauyin yawansa da sauyin kamanninsa, kuma a ce abin ya kai wata shida da farawa.

Ina so ku riƙe wani bambanci a nan, don shi ne ya fi komai muhimmanci a jawabin nan. Akwai wani ciwon hanjin dabam wanda ya fi nawa haɗari, watau kumburin hanji na gaske, inda garkuwar jikin mutum ke afka wa hanjinsa har ya yi gyambo yana zubar da jini. Iri biyu ne manya. Ɗaya gyambon babban hanji, ɗaya kuma cutar Crohn, wadda ta samo sunanta daga likitan da ya bayyana ta tare da abokan aikinsa a birnin New York na Amurka a 1932. Wannan ba ya duba muƙami. Gyambon babban hanji ne ya sa Shinzo Abe ya ajiye kujerar Firayim Ministan Japan a 2020, kuma ya taka rawa a murabus ɗinsa na farko a 2007. Mai irin wannan ciwo, gyaran abinci zai rage masa wahala, amma ba zai kashe kumburin ba. Magani na asibiti ne ke yin wannan, kuma ba a daina shi don an ji sauƙi.

Daɗin daɗawa, a ƙasarmu akwai cututtukan da ke shigar burtu su yi kama da waɗannan: atini, tsutsar ciki, tsargiyar hanji, har da tarin fuka da ke kama hanji. Sa'an nan ga sankarar hanji. Saboda haka duk wanda ya ga jini a bayan gidansa, ko yana rama ba dalili, ko gudawa na tashe shi daga barci cikin dare, ko zazzaɓi na yawan zuwa masa, ko aka ce jininsa ya yi ƙasa, ko ya haura 50 sa'an nan yanayin bayan gidansa ya sauya, ko akwai mai sankarar hanji a danginsa, to wannan kada ya ce zai bi tsarin abincin da zan faɗa. Ya tafi Babban Asibitin Suleja, idan abin ya fi ƙarfinsu ga asibitin koyarwa na Gwagwalada, ga kuma Asibitin Ƙasa a Abuja. Kalmar nan "basir" ta binne mutane da yawa. Kuma kada matasa su ce ba ruwansu, don ɗan wasan nan na Amurka, Chadwick Boseman, yana da shekara 43 sankarar hanji ta kashe shi a 2020.

To, mu dawo kan tukunya.

Likitan nan bai ba ni jerin abin da zan daina ci ba. Littafin rubutu ya ce in saya, irin na 'yan makaranta. Kowace rana in rubuta abin da na ci, da lokacin da na ci, da abin da cikina ya yi, da yadda na yi barci, da ko raina ya ɓaci. Na ga kamar wasa yake yi da ni. Amma bayan wata guda da na zauna na karanta, sai na ga abin mamaki. Ni duk zatona barkono ne abokin gabata. Ashe babban ɓarawon yana cikin kowace miya, watau albasa. Ranar da na ci tsire da ɗanyar albasa da daddare, gobe da safe sai dai a yi mini sannu. Ranar da na ci tuwon shinkafa da miyar kuka ta tsohuwa wadda daga daddawa sai ɗan gishiri da nama, lafiya lau.

Daga baya na fahimci dalili. A Jami'ar Monash da ke Melbon ta Ostareliya, wasu masana biyu, Peter Gibson da Susan Shepherd, sun fito da bayani a 2005 a kan wani rukunin sukari da ke cikin abinci, wanda suka taƙaita sunansa da Fodmaf. Ƙaramin hanji ba ya iya shanye irin wannan sukari sosai. Sai ya jawo ruwa cikin hanji, ya gangara babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke zaune a can su far masa su yi ta fitar da iska. Iyayenmu mata kun san ƙullun waina idan ya kwana, yadda yake tashi yana kumfa. To haka abin yake yi a cikin mutum. Kowa ma haka yake yi masa, sai dai mai lafiyayyen hanji ya yi gyatsa ko ya fitar da iska ya wuce, mu kuwa hanjinmu na jin wannan buɗewar tamkar an sa wuƙa.

Abincin da ke da wannan sukari da yawa su ne albasa, tafarnuwa, alkama, wake, madara, zuma, mangwaro, kankana, tuffa, da dabino idan ya yi yawa. Ku duba fa, wannan ai rabin abincin Bahaushen birni ke nan: burodi da shayi mai madara da safe, taliya ko garau-garau da rana, ƙosai da alale da yamma, gurasa da finkaso ranar biki. Waɗanda suke da shi kaɗan kuwa su ne shinkafa, masara, gero, dankalin Turawa, ƙwai, kifi, nama, gyaɗa, tumatir, karas, alayyafo, lemo, abarba, gwanda, da ayabar da ba ta nuna luguf ba. Abin da ya ba ni dariya shi ne, abincin da na baro a ƙauyenmu ina ganin na waye, shi ne cikina ya fi yarda da shi.

Amma tsarin ba wai ka daina cin waɗancan har abada ba ne. Ana janye su ne na mako 2 zuwa 6. Idan an ga sauƙi, sai a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a gwada shi kwana uku, daga kaɗan zuwa da ɗan yawa, a huta, a gwada na gaba. Idan an janye ba a ga sauƙi ba, to ba su ne matsalar ba, a koma cin abinci a koma wa likita. Ni da na gwada, ga abin da na samu: albasa da tafarnuwa ba ma shiri ko kaɗan. Burodi yanka biyu ba ya yi mini komai, rabin burodi kuwa sai na biya. Mangwaro guda ɗaya ƙarami ina sha. Zuma na haƙura da ita. Wani abokina mai irin ciwona yana cin albasa yadda yake so, shi madara ce ke kayar da shi. Kun ga ke nan littafina ba zai yi wa wani aiki ba, kowa sai ya rubuta nasa.

Maganar madara na da ɗan tarihi a ƙasar nan. A 1971 wani likitan Amurka, Norman Kretchmer, tare da Olikoye Ransome-Kuti wanda daga baya ya zama Ministan Lafiya, sun buga sakamakon binciken da suka yi a kan yadda ƙabilun Nijeriya ke narkar da sukarin madara. Sun tarar Fulani makiyaya mafi yawansu na narkar da shi har girmansu, Yarbawa da Ibo kuwa mafi yawansu ba sa iyawa bayan yarinta, Hausawa ma da yawa haka suke. Don haka idan ka sha shayi mai kauri wurin mai shayi, wanda ya zazzage maka madarar gwangwani ko ta gari, bayan awa ɗaya ciki ya hau ƙugi, ba lallai ruwan ne ba shi da kyau ba. Nono da kindirmo sun fi sauƙi, domin tsamin da suka yi ya cinye wani kaso na sukarin. Ni ina shan fura da nono rabin kwano, amma fa a gida, kuma nonon da aka tafasa madararsa kafin a zuba.

Wake kuwa ban iya rabuwa da shi ba, don ni ɗan wake ya rene ni. Dabarar da muka samu ita ce a jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, a tafasa a sake zubarwa, sa'an nan a dafa ya yi laushi sosai, in ci cokali uku ko huɗu a kan shinkafa. Wannan sukarin ruwa yake bi, shi ya sa zubar da ruwan ke rage shi. Kuma wannan ce ta ba mu mafita a kan albasa. Tun da ruwa yake bi ba ya bin mai, sai uwargida ta soya albasa da tafarnuwa manya-manya a cikin mai, ta tsame su tas ta zubar, ta yi miya da man. Ƙanshi ya shiga, masifar ta fita. Amma idan aka jefa albasar cikin ruwan miya ta dahu, ko an tsame ta aikin gama ya gama. Lawashi kuwa, watau koren ganyen albasa, ba ya damuna, da shi ake yi mini kwaɗo. A kuma duba jikin ledar kayan ɗanɗano, don wasunsu da garin albasa da tafarnuwa a ciki.

A nan dole in tsaya in yi wa iyayenmu mata magana, kuma in yi wa tawa godiya a gabanku. Ranar da na fara ce mata a cire mini albasa, kwana biyu ba ta yi mini magana sosai ba. A wurinta na kushe girkinta ne bayan shekaru da aure. Sai da na ɗauko littafin nan na nuna mata, na kuma ba ta labarin abin da ya same ni a Zuba, wanda na ɓoye mata shekara da shekaru. Ta yi shiru, ta ce, "Malam, da ka faɗa tun da wuri." Tun daga ranar take ɗibar mini miyata a ƙaramar tukunya kafin ta zuba na sauran gida. Ku maza, laifin namu ne. Muna ɓoye ciwo muna tura kwano baya, mu bar mace tana zargin kanta ko tana zargin kishiya.

Ba sukari kaɗai ke tada hanji ba. Maiƙo na yi, musamman suyar da aka yi da man da aka maimaita. Barkono na yi wa masu gudawa. Goro da shayi mai ƙarfi da kofi suna zaburar da hanji, lemon kwalba kuma iska ce kake ɗurawa. Goro ya fi komai yi mini wuyar bari, har yanzu nakan ɓantari kaɗan ranar da ba ni da tafiya. Cika ciki lokaci guda ma kansa fitina ne, domin da zarar tumbi ya cika yakan aika wa babban hanji saƙo ya motsa. Shi ya sa lokacin da nake aiki na koyi tashi da wuri, in karya da koko ba ƙosai, in zauna in jira ciki ya yi abin da zai yi, sa'an nan in fita neman mota. Kuma na lura, makon da ake jiran albashi ko mai gidan haya ya matsa, ko tuwon da na saba ci sai ya tada mini ciwo. Likitoci sun tabbatar hanji da ƙwaƙwalwa suna magana da juna. Wannan ba ya nufin ciwon ƙarya ne ko raki.

Watan azumi nakan ji daɗin yini, wahalar tana wajen buɗa baki. Ciki ya yini ba komai, sai a tara masa dabino, ƙosai, kankana, kunun aya da soyayyen dankali cikin minti goma. Yanzu dabino ɗaya nake ci, in sha ruwa da ɗan kunun gyaɗa, sai bayan salla in ci abinci kaɗan, in ƙara bayan asham. Wanda ciwonsa ya tashi yana gudawa, musamman mai gyambon hanji, ya tambayi likitansa ya kuma tambayi malaminsa, akwai rangwame ga marar lafiya. Haka nan wanda yawan fitar iska ke hana shi riƙe alwala har ya daina zuwa jam'i don kunya, malaman fikihu sun yi bayanin sauƙin da aka yi wa irinsa, ga su nan a zaune, kada ya ji nauyin tambaya.

Akwai wani kuskure da na yi wanda ba na so kowa ya maimaita. Da na ga janye abinci na kawo sauƙi, sai tsoro ya kama ni, na yi ta janyewa har na koma daga farar shinkafa sai koko. Na rame, wando ya daina zama, mutane suka fara raɗe-raɗin wata cuta dabam. Likita ya yi mini faɗa sosai, ya ce yunwa za ta kashe ni kafin ciwon da ba ya kisa. Mai gyambon hanji ya fi kowa shiga wannan haɗari, domin da ma yana asarar jini da abinci, yana bukatar ƙwai, kifi, nama da hanta. Shi idan ciwo ya tashi, ko aka ce hanjinsa ya tsuke, zai rage abinci mai ƙaiƙayi da tauri kamar ɗanyen ganye, aya, gyaɗa da masarar gashi, bisa shawarar likita, in ya lafa ya dawo da su. Yara da masu juna biyu kuwa kada a sa su wannan tsari na janye abinci sai da masanin abinci na asibiti.

Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda 'yan acaɓa da masu dako ke sha kamar gyaɗa, suna iya tada gyambon hanji, kuma suna cin tumbi. Taba na ƙara cutar Crohn. Idan gudawa ta yi yawa, a samu lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafe bakin cokalin kada a yi tozo, a riƙa kurɓa, ko a sayi na leda a kemis. Idan da jini ko zazzaɓi, kada a sha maganin tsayar da zawo, a tafi asibiti.

Saura maganar biki da suna da walima. A al'adarmu ƙin cin abincin mutum ƙin mutumin ne, na sani. Yanzu abin da nake yi, nakan ci abincina a gida kafin in fito, in na zo in karɓi kwano in ci farar shinkafa da tsokar nama, in ce wa mai gida a kunne, "Alhaji, likita ne ya hana ni." Ban taɓa ganin wanda ya yi fushi bayan ya ji haka ba. Amma ku ma masu gida, idan baƙo ya ce ya ƙoshi, a daina rantsar da shi.

Shugaba, ina da roƙo biyu ga kwamiti. Na ɗaya, idan za a yi girkin taronmu na shekara, a ware ƙaramar tukunya ba albasa ba yaji, na san ba ni kaɗai zan ci ba, don tun da na fara magana na ga mutum uku suna gyaɗa kai. Na biyu, makewayin ɗakin taron nan, a daina kulle shi ana tafiya da mabuɗi, a kuma ajiye buta da ruwa da sabulu. Kuɗin sabulun wata uku na farko ni zan biya.

Littafin nawa ga shi na zo da shi, wanda yake son ganin yadda ake rubutawa ya same ni bayan an tashi. Iyayenmu mata da ba za su so tambaya a nan ba, ku aiko ta hannun uwargida.